Yadda Za Ka Zama Gwarzon Daji a Bidiyo Ba Tare da Tuwon Gida Ya Wuce Ka Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. In dai ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ba, ba ka kuma sako naka wayon a ciki ba, na yi maka alkawari kafin a girbe gero sunanka zai kai inda ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. Mutanen Kano da na Legas, har da 'yan ci-ranin da ke Saudiyya, za su riƙa cewa kai kaɗai ne namijin da ya rage a Jigawa. Duk wannan ba tare da sauro ya cije ka fiye da yadda ya saba cizonka a ɗakinka ba.

Kada ka tambaye ni inda na yi karatu. Ni ne Hadi mai cajin waya da turin bidiyo, shagona na nan Birnin Kudu kusa da tasha, kuma babu irin bidiyon da bai bi ta hannuna ba. Na ga Turawan da ke cin tsutsa wai don kada su mutu. Na ga wasu siraran mutane marasa riga suna haƙa gida a ƙarƙashin ƙasa da sanda, har da wurin wanka. Ni ne kuma na ɗauki Sabo, abokina ɗan ƙauyenmu can yankin Maruta ta Gwaram, telan da ba a tunawa da shi sai sallah ta matso, na mayar da shi mutumin da ake nunawa da yatsa. Abin da ya faru daga baya ba laifin tsarina ba ne, za ka gani da idonka.

Mataki na 1: Zaɓi dajinka da hankali

Kuskuren sabon shiga shi ne ya tafi daji na gaske. Dajin gaske akwai maciji, babu sabis, kuma in ka yi ihu ba mai amsawa. Masana sun tabbatar, ni ne masanan, cewa daji shi ne duk inda kamara ta kalla. Abin da ke bayanta tsakaninka ne da Ubangijinka.

Nemi wurin da in an zubo maka tuwo a gida zai iso da zafinsa. Mu mun zaɓi saurar Inna Jummai, mahaifiyar Sabo, a bayan gari. Tun rasuwar Malam Ashiru, mijinta, ta bar gonar ta huta, sabara da kalgo suka cika ta. Ga aduwa babba a gefe guda, ga wani ƙaton dutse a ɗaya gefen, in ka iya tsayuwa sai ka rantse ƙarshen duniya ne.

Gonar ita ce abin da Malam ya bari, in ka cire gidan ƙasa da wata rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Inna ta riga ta ware irin riɗi ta ce in damina ta dawo can za ta zuba shi. Maƙwabcinsu a gona shi ne Alhaji Manu, mai shanun huɗa, wanda idonsa ba ya iya zama a cikin gonarsa. Ya sha aikowa a sayar masa, ita kuma ta sha mayar da ɗan aiken da gaisuwa mai kyau.

Ka nemi izini, ladabi ne. Da muka je, Inna ta zaci hoton kalanda za mu ɗauka. Tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Ku je ku yi wasanku. Amma kada ku taɓa min gamba.”

Haka tsofaffi suke, kullum da abin da za su ce kada a taɓa. Ka ce to, ka tashi.

Mataki na 2: Suna da shiga

Ba wanda zai ƙona datarsa a kan Sabo Tela. Mun raɗa masa Dodon Dawa, ba rago ba goro.

Sai tufafi. Samo rigar da ta gaji da duniya, ka ƙara mata rauni da reza, ka shafe ta da toka da jar ƙasa. Sannan ka ɓoye ta daga matarka. Lailatu, matar Sabo, ta tsinci tamu a rataye, ta ji kunyar a ga mijinta haka, ta wanke ta tas, ta ɗinke ɓarakar, ta goge ta da dutsen guga har da kari. Sai da muka ɗaura rigar a bayan babur ɗina muka zagaya gari da ita kafin ta dawo hayyacinta.

Kada ka manta da jakar ko-ta-kwana, ita ce rabin sana'ar. Baje kayanta a kan dutse, ka riƙa ɗaga su ɗai-ɗai kana kiran sunansu da muryar mai sanar da rasuwa: igiya, wuƙa, tocila, gishiri, ƙuli-ƙuli. Bayan kowanne ka ce, “Ranar da duniya ta rikice, wannan ne zai cece ka.” Kada ka faɗi abin da zai rikita ta. Kowa yana da nasa tsoron a aljihu, bar shi ya sa da kansa.

Mataki na 3: Share duk wata alamar ɗan Adam

Nan ne ake gane ƙwararre. Masu sharhi a ƙarƙashin bidiyo ba su da aikin yi, Allah ya ba su ido ya hana su tausayi. Leda ɗaya in ta maƙale a ƙaya, sun gano ka.

Fara da kunne. Jira injin niƙa ya huta. Jira jakin da ke kuka ya gama faɗin abin da ke ransa. In ladan ya kira salla, kashe kamara ka je ka yi, ka samu lada ka kuma tsira da asirinka.

Sai ido. Ranar farko na kafa waya a kan dutse na bar ta tana ɗauka, don in ga yadda wurin zai fito. Da na duba, sai ga matsala tsaye a tsakiyar hoto: layin gamba, dogo, a miƙe sambal tun daga gindin aduwa har jikin dutse, iska na kaɗa shi. In kai ɗan birni ne, gamba ciyawa ce mai tsawo da manoma ke dasawa tsakanin gona da gona. Duk shekara a yanke ta a yi zana, a bar tushen a ƙasa, shi ne shaidar inda taka ta ƙare ta wani ta fara. A kusurwa kuma ga wasu duwatsu uku an jera.

Na ce wa Sabo daji ba ya yin layi. Duk wanda ya ga wannan ya san hannun mutum ne.

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce Baba ne ya dasa da hannunsa, shi ma yana ƙarami shi ya riƙa miƙa masa saiwar. Ya ce mu yanke kawai mu bar tushen. Na nuna masa cewa tushen ma layi zai yi, kuma ciyawa ai ciyawa ce, ba a yi mata ta'aziyya. Mai son ɗaukaka ba ya tsayawa jin tausayin haki.

Muka tumɓuke ta da saiwarta kaf. Faɗuwa kuwa ta zo daidai da zama: ganyen ya zama jinkar bukka, saiwar ta bushe ta zama makamashi, duwatsun kusurwa suka zama murhu. Ka ga hikima, ba a yar da komai ba.

Wata shawara a nan, kyauta: bar kamara tana ɗauka ko da yaushe, daga baya ka yanke abin da ya dace da jama'a. Ɗanyen kuma ka adana shi a memori. Ni ba na goge komai, saboda tsantseni, da kuma saboda in kasuwa ta yi sanyi ina samun abin dariya.

Mataki na 4: Yi hattara da masu gaisuwa

Babban abokin gabar gwarzon daji a ƙasarmu ba kura ba ce, gaisuwa ce. Bature yana iya kwana wata a jeji ba wanda ya tambaye shi ya gajiya. Kai kuwa a bayan garinku kake, kowa ya san ranar sunanka.

Sabo ya kwanta rub da ciki, ya matso da fuska, yana raɗa wa kamara cewa ya manta rabonsa da ganin fuskar bil'adama. Sai ga ƙarar keke, sai ga wani dattijo ya sauke ƙafa. Barka da rana, ya gida, ya Inna, ya ƙafar tata, an samu man zafin kuwa, ya amarya, ya ɗinki. Dole Dodon Dawa ya tashi ya durƙusa ya amsa tiryan-tiryan, har da saƙon gaisuwa zuwa gida. Ba yadda za ka yi, in ka ƙi amsawa kafin ka koma gida an kai wa mahaifiyarka labarin cewa ka taɓu.

Ka yi haƙuri da su, wani lokaci a cikinsu ake samun masoyi. Mu masoyinmu na farko Alhaji Manu ne da kansa. Ya zo wucewa washegarin da muka gama da gamba, ya tsaya. Bai kalli bukka ba, bai kalli Sabo ba. Ramukan da muka bari ya bi da ido tun daga aduwa har dutse, ya sa takalmi ya tura ƙasa a cikin ɗaya ya daddanna.

“Sannunku da ƙoƙari, samari,” in ji shi. “Aiki ya yi kyau. Allah ya yi albarka.”

Har goro ya ba mu. Na ce wa Sabo ka gani, manya ma sun fara fahimtar fasaha.

Mataki na 5: Wuta, ruwa, nama

Wuta: samo itace biyu ka yi ta murzawa kana nishi. Ba za ta kama ba. Ban taɓa ganin wanda ta kama wa ba, kuma ina zargin Turawan ma. In gumi ya jiƙa ka, mai kamara ya juya ta sama ya nuna gajimare kamar yana tunanin rayuwa, kai kuma ka ƙyasta ashana. Sabo ya murza har tafinsa ya yi ɗan bororo ɗaya, ya zauna yana hura shi yana kiran sunan Inna.

Ruwa: yanke gindin robar lemo, zuba gawayi da yashi da tsumma, ka tace ruwan kududdufi. Ɗaga shi ga rana ka yaba. Kai shi baki. Nan za a yanke. Sabo ya taɓa shagala ya haɗiya, muka rufe aiki na wasu kwanaki, kuma dajin ya yi masa amfanin da ba mu ɗauka a kamara ba.

Nama: ranar kasuwar Sara ka sayo zabo, ka sa shi a tarko, ka koma baya ka zo kana sanɗa. Abu ɗaya tak: kwance tsumman atamfar da mai kaji ya ɗaure masa ƙafa. Mu mun manta. Wani mai sharhi ya tambaya ko zabin dajin Gwaram da ɗankwali ake ƙyanƙyashe su. Na toshe shi, kai ma ka koyi toshewa.

Kwanan daji kuwa da hantsi ake yinsa. Shiga bukka, lulluɓa da bargo kai da waya, kunna tocila a ƙarƙashin haɓa, ka ce kana jin motsi. Sabo ko sau ɗaya magariba ba ta taɓa riskarsa a wurin ba.

Abincin gaske yana zuwa da azahar. Lailatu ce ke kawowa a kwano, ta tsaya bayan dutse da hijabinta tana kallon mijinta yana tauna ganyen sabara yana cewa da shi yake rayuwa. In an yanke sai ta ce, “Dodo, tuwon zai huce. A ƙara man shanu ko dajin ya hana?” Ka ci a ɓoye, ka goge baki da kyau. Leɓe mai maiƙo ya rushe gwaraza da yawa.

Mataki na 6: Faɗi maganar da za ta zaga duniya

Kowane bidiyo yana bukatar jimla ɗaya da za a yanka a riƙa turawa. Ba sai ka rantse ba, kaffara wuya gare ta. Dafa ƙirji kawai, ka kafe kamara da ido. Ga wadda na rubuta wa Sabo, ya hau kan dutse ya faɗe ta, bukka na hayaƙi a bayansa:

“Wannan wuri da kuke gani, tun da aka yi duniya fartanya ba ta taɓa shi ba. Ba gonar kowa ba ce, ba gadon kowa ba ne. Ba shi da mai shi sai Allah sai namun dawa.”

Ɗan'uwa, ta zaga. A shagona kaɗai na tura ta har yatsana ya gaji. Yara suka riƙa bin Sabo suna Dodo, Dodo. Wani mai shagon takalma ya ba shi ƙafa-ciki na sojan gona ya sa a bidiyo. Masu kawo ɗinki suka ƙaru, wasu ba ɗinkin ne ya kawo su ba, so suke su ga tafin da ya murzo wuta.

Zan faɗa maka gaskiya, na ji daɗi. Tun da aka binne Malam Ashiru ban ga Sabo yana tafiya kafaɗa a buɗe ba sai lokacin. Mutum ne da duk rayuwarsa in ya yi magana a majalisa sai wani ya ɗora tasa a kai, yanzu ga shi in ya yi tari ana jira a ji ko akwai ci gaba.

Mataki na 7: In damina ta faɗi, kada ka nuna ka san komai

Ruwan shuka ya sauka. Inna Jummai ta ɗauki ƙwaryar irinta ta nufi gona don ta ga inda za a fara sassabe. Ta tarar an riga ta. Garmar Alhaji Manu ta ratso daga gonarsa ta shigo, kunya bayan kunya, ta cinye fiye da rabin saurar, ba ta tsaya ba sai a ƙofar bukkar Dodon Dawa. Babu gamba, babu ramukan gamba, babu duwatsun kusurwa.

Waɗanda suka gan ta sun ce ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a gindin aduwa da ƙwaryar a cinya har rana ta take, sannan ta tashi ta tafi ƙofar Mai gari.

A zaure Alhaji Manu bai ɗaga murya ba. Ya ce shi iyakar da ya sani ke nan, in akwai wata a nuna masa. Ya ce wurin ma ai daji ne, kuma ba shi ya faɗa ba. Ya zaro babbar wayarsa ya danna, sai ga muryar magajin gonar ta cika zauren, ba gonar kowa ba ce, ba gadon kowa ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa ba tsaga bangon muka yi ba, ɗauke shi muka yi muka yi jinka da shi.

Aka tambayi dattawa. Kowa ya san akwai gamba, amma wannan ya ce daga aduwa ta tashi, wancan ya ce a'a, ta ɗan yi gabas, na uku ya ce shi dai ya san Malam Ashiru mutumin kirki ne. Mai gari ya ce magana ta bidiyo wasa ce, ya sani, amma iyaka ba a yanke ta da zato. A kawo shaida a zama na gaba, in babu, zai tsaga rigimar biyu kowa ya ɗauki rabi.

A irin wannan hali abin da ƙwararre ke yi shi ne ya tuna yana da aiki a Birnin Kudu. Na hau babur ɗina.

Mataki na 8: Kada ka taɓa nuna ɗanyen bidiyo

Wannan ita ce uwar dokoki. In ka manta sauran, riƙe ta. Abin da aka yanke, an yanke shi ne don mutuncinka.

Sabo ya same ni a shago ana gobe zama. Bai sa takalman ba. Ya zauna a benci ya bar masu karɓar caji suka ragu, sannan ya ce in ba shi memorin.

Na yi masa bayani irin na masana. Na ce layin gamba yana ciki, gaskiya ne, amma Alhaji Manu ba yaro ba ne, in muka kai guntu zai ce haɗi ne, dole a kai shi ɗungurungum. Ɗungurungum kuwa yana nufin ashana, da zabo mai ɗankwali, da tuwon Lailatu, da ranar da damo ya fito daga sabara Dodon Dawa ya bar takalmi ɗaya ya haye aduwa. Na ce zauren zai cika da samari, kowanne da waya, kafin la'asar duniya ta gani. Na ce rabin gona ai ba kaɗan ba ne, suna kuwa in ya zube ba a kwashe shi.

Ya ce, “Hadi, tun ranar ba ta yi min faɗa ba. Ko sau ɗaya. In na shiga gaishe ta sai ta amsa, ta tambaye ni ko na ci abinci. Da zagina ta yi da na samu sauƙi.” Ya miƙo hannu. “Ba ni.”

Ka lura, a nan ne ya sauka daga kan tsarina.

Washegari na bi shi zauren da memorin a wayata. Allon wayar ya yi wa idon dattawa ƙanƙanta, aka aro talabijin ɗin gidan kallon ƙwallo da janaretansa. Labari ya bazu, zaure ya cika ya tumbatsa, mata suna leƙe ta kan katanga. Inna Jummai na zaune a gefe a kan tabarma, Sabo a ƙasa kusa da ƙofa.

Na danna. Ba kowa a hoton, sai gamba tsaye a layinta daga gindin aduwa har jikin dutse, ga duwatsu uku a kusurwa, iska na kaɗawa. Dattijon da ya ce ta ɗan yi gabas ya ce to ai abin da yake nufi ke nan.

Alhaji Manu ya ce yaran zamani suna iya dasa bishiya a kan teku da waya, a bar shi ya ci gaba a ga ƙarshensa. Aka bar shi.

Ba zan ba ka labarin dariyar ba, ka riga ka gani, ƙila ma a shagona aka tura maka. An ga ashana. An ga bororo. Da muryar Lailatu ta fito tana tambayar man shanu, wani tsoho sai da aka fita da shi aka ba shi ruwa. Mai gari ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Samari sun ɗaga wayoyi kamar masu roƙon ruwa. Sabo bai ɗago ba, bai kuma tashi ya fita ba, ya zauna aka yi ta yi a kansa. Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona.

Sai ga Alhaji Manu ya shigo hoto da kansa, da hularsa da gorarsa. Ga shi yana bin ramuka da ido. Ga takalminsa yana tura ƙasa yana daddannawa. Ga muryarsa garau, aiki ya yi kyau.

Dariyar ta tsaya, aka juyo ana kallonsa. Ya gyara babbar riga ya ce a gaskiya shanun nan sababbi ne, ba su gama sanin gonar ba.

Mai gari ya ce to a koya musu. Ya ce iyaka tana nan inda Malam Ashiru ya sa ta, daga aduwa zuwa dutse. Huɗar da aka yi kuma tunda an riga an yi, Allah ya ba da lada, Inna Jummai ta zuba riɗinta a kai.

Mataki na 9: Abin da za ka yi in ka ƙi jin mataki na 8

Babu. Sai haƙuri.

Mabiya suka watse, waɗanda suka rage don tsokana suka rage. Mai takalma ya aiko a mayar masa da kayansa. Daga Maruta har Fagam sunan ya koma Dodon Tuwo, kuma irin wannan suna ba ya mutuwa, jikokinsa ma sai sun amsa shi.

Shi kuwa ya ɗauki magirbi ya tafi bakin fadama ya haƙo tushen gamba, ya riƙa ɗaukowa a ka, dami bayan dami, yana dasawa daga aduwa zuwa dutse. Ya rushe murhu ya mayar da duwatsun kusurwarsu, baƙi ƙirin da hayaƙi. Hannunsa ya farfashe, wannan karon duka biyun, bai kira sunan kowa ba. Na ga abin zai yi kyau a kamara, na ce ko in ɗan ɗauka. Ya ce in na zaro wayar zai dasa ta tare da saiwar.

Ranar da zan koma, Inna Jummai ta aiko a kira ni. Na tafi ina shirya amsoshi a hanya. Na tarar da ita a tsakar gida, ta kwance bakin zane ta fito da 'yar ƙaramar wayarta mai madannai, ta ce in saka mata bidiyon. Na tambaye ta wane wuri, na damo ko na zabo, don su aka fi nema.

“Na farkon,” ta ce. “Kafin ku shigo.”

Na yanko mata shi, ɗan guntu ne, ba magana ba kiɗa. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta matso da ita kusa da ido, gamba na ta kaɗawa a allon da bai fi akwatin ashana ba. Ya ƙare, ta ce in nuna mata inda ake dannawa ya sake. Ya sake.

“Haka Malam ya dasa ta,” in ji ta. “Ba igiya ba komai, da ido kawai. Ka ga ko karkacewa ba ta yi ba.”

Sabo na tsaye a bakin ƙofa da hannuwa a naɗe da tsumma. Ba ta kalle shi ba ta ce gambar da shi ya dasa ta ɗan karkace wajen tsakiya, gobe ya je ya gyara, sakarai kawai. Na ga fuskarsa ta saki, kamar wanda aka sauke wa buhu. Ranar ce ta fara yi masa faɗa, ta kuwa yi shi har na fita ina jiyo ta.

Sanarwa

Mai wannan rubutu, da shagonsa, da babur ɗinsa, ba su da hannu a duk abin da ya same ka sakamakon bin waɗannan matakai, ko gudawa ce, ko faɗowa daga aduwa, ko sabon suna, ko kira daga zauren Mai gari. Alkawarin da na yi a farko yana nan daram: na ce sunanka zai kai inda ƙafarka ba ta je ba, ban ce wane sunan ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. In an tambaye ka wa ya ba ka shawara, ba ka san ni ba, ni caji nake yi. In kuma ka je dajinka ka tarar da ciyawa ta yi layi, tsohuwa ta ce kada ka taɓa, to juya kamarar wani gefen.